Kawuna Mai Walda da Motar da Ta Lotse

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Angwan Iya, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Nasa ne mu duka, kuma inda Kawu ya tafi can muka nufa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da kunnena ya jiye mini a zaman makoki shi ya sa na ɗauki biro, don in na haɗiye shi cikina zai iya fashewa.

Mu mata muna tsakar gida, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, tsakaninmu da su zaure ne kawai, duk abin da aka faɗa a waje yana shigowa. Da farko maganar da aka saba ce. Mutumin kirki ne, ba ya rasa jam'i, ba a taɓa jin sa da matar wani ba. Can sai wani tsohon ɗan kamasho na tashar Keffi, wanda na san muryarsa tun ina yarinya, ya ja numfashi ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Kwali." Na ji dariyar da ake dannewa da tari. Wani ya ƙara da cewa, "Mutum dai har mutum, aikin hannun ne babu ƙarko. A tambayi Alhaji."

Alhajin nan mahaifina ne. Yana zaune a kan buzu yana karɓar gaisuwa, don shi ne mijin ƙanwar mamaci. Shi ne kuma ya laƙaba wa Kawu wannan suna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na kasa kunne in ji ko zai ce a bari, ko zai ce ba haka ba ne. Abin da ya ce shi ne, "Allah ya jiƙan Musulmi."

Ana cikin haka wata mata ta shigo da daron doya a ka, 'yar ƙabilar Mada daga Garaku, da ɗan sarƙar gicciye a wuya. Ta dire daron a gaban matar Kawu, ta zube ƙasa tana kuka fiye da mu 'yan'uwa. Mata suka yi ta kallon juna, ba wadda ta san ta. Ta daki cinyoyinta ta ce, "Baban nan ne ya bar mini ƙafa. Da ƙafan nan na yi noma, na aurar da yara. Ku ba ku sani ba." Ni na sani, don kafaɗarta tana jikin tawa ranar da abin ya faru.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan gidan maƙera. Tun yana saurayi ya tafi Jos ya yi aiki a garejin masu haƙar kuza, ya dawo Keffi shekarar da aka sami 'yancin kai da tukunyar gas da akwatin guduma. Da jikin manyan motoci na katako ya fara, daga baya ya koma walda da gyaran jikin mota. Ba shi da rigar da tartsatsi bai huda ba, har ta zuwa Idi. Matarsa ta yi mita har ta gaji ta ƙyale shi. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu kunya a cikin mutane: duk ƙarfen da ya gani sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya karkata kunne. A ranar sunan ɗana na fari tiren goro ya ɗauka yana ƙwanƙwasawa, liman yana addu'a. Ran Juma'a da safe kuwa ba ya taɓa mota. Matan unguwa ke jera masa daro da bokiti da tukwane masu yoyo, ya liƙe ya miƙa musu, in an kawo hannu da wani abu ya ce a saya wa yara ƙosai.

Kada a ɗauka ina cewa waliyyi ne. Taurin kai gare shi kamar me, ga baki. Na ga ranar da ya jefa wa wani direba makullin motarsa ta bayan katanga, don ya ce masa ya yi sauri.

Da arzikin mai ya shigo ƙasa, motoci suka cika gari. Wanda jiya keke yake turawa, yau ga shi da akori-kura. Aka gyara hanya, direbobi suka sami wurin gudu. A lokacin ne wata al'ada ta kama tashar Keffi. Duk wanda ya sayi mota, kafin ta ɗauki fasinja ko ɗaya, sai ya kai ta wurin mai walda a liƙa mata guntun ƙarfen dogo a gaba, a cusa rodi a cikin ƙafafun shasi, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin motar, a bi da wuta. Garkuwa suke ce masa. Mota mai garkuwa ko saniya ta buge ba ta nuna alama, shi ya sa direban da motarsa ba ta da ita yake jin kamar ya fito ba wando.

Kawu ya ce shi ba zai yi ba. Ina zaune a rumfarsa wata rana, na kawo masa saƙon Inna, wani direba ya zo da sabuwar tasi da ƙarfen dogonsa a but.

"Baba, a ɗaura mini garkuwa. Ƙarfen motocin yanzu kamar takarda yake."

Kawu ya jawo wani falle daga cikin tarkace ya miƙa masa. "Takarda ko? To yaga mini."

Direban ya danna, ya murɗa, ya sa gwiwa, fallen ya ɗan rusuna ya koma yadda yake.

"Siriri ne, amma ba rago ba ne," in ji Kawu. Ya buɗe gaban motar ya nuna masa wasu layuka da aka tokare a jikin ƙarfen. "Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne. Ya yi mata waɗannan don in ta daku ta naɗe bi da bi, ta shanye dukan kafin ya iso inda kake. Gaban mota gammo ne. Ka taɓa ganin macen da ta yi gammo da dutse?"

"Baba, ni dai so nake motata ta daɗe."

"Kai fa? Ba ka so ka daɗe?"

Direban ya yi dariya, ya ja motarsa ya kai wa mai waldan bakin tasha, wanda ba ya tambayar kowa komai.

Akwai abu na biyu da ya ƙi. In gaban mota ya lanƙwashe, sauran masu gyara wuta suke hura masa har ya yi ja, su miƙar da shi, su shafe da fenti, da yamma mai mota ya zo ya ɗauka. Kawu ya ce irin wannan ƙarfe in ya sha wuta ya mutu, zai yi kyau a ido, amma ranar da ake bukatarsa tsagewa zai yi. Sai ya hau mota ya tafi Jos ko Kaduna wurin matattun motoci, ya nemo irin wannan ɓangaren daidai, ya yanko ya dawo. Aikin yini ɗaya ya zama na mako biyu. Inda yake zuba ƙarfinsa shi ne inda mutane ke zama, wato ginshiƙan ƙofa da daɓen ƙarƙashin kujera. Nan kam ba ya tausayin ƙarfe.

Baba mahaifina ya sayi akori-kura a wannan zamani, ya ba wa ƙaninsa, Baffa, yana jigila tsakanin Keffi da Akwanga. Ba ta yi shekara ba Baffa ya daki bayan wata tifa. Aka kai wa Kawu, don wa za a kai wa in ba shi ba? Ya riƙe ta mako uku. Baba ya je har sau biyu yana cewa, "Yaya, tun da an buɗe ta, a sa mata garkuwar nan mana, kowa ya sa." Kawu ya ce, "Alhaji, 'yar ƙanwata tana shiga motar nan duk Litinin. Ba zan sa ba."

'Yar ƙanwar tasa ni ce. Ina koyarwa a wata firamare kusa da Garaku a lokacin, ina tafiya Litinin in dawo Juma'a.

Ranar da abin ya faru ina da cikin wata bakwai. Damina ce, an kwana ana ruwa, kwalta tana sheƙi. Baffa yana tuƙi, ina tsakiya, matar nan ta Garaku tana bakin ƙofa, ta sayar da doyarta tana komawa gida. A baya akwai buhunan gishiri da mutum biyar. Muna gangarowa, saura kaɗan mu shiga Garaku, tayar gaba ta fashe. Baffa ya yi kokawa da sitiyari, motar ta ƙi, ta nufi wata ɗorawa kai tsaye. Har yau ina jin ƙarar. Ba duka ɗaya ba ne, a jere ya zo, kamar ana taka gwangwani a hankali. Na ga bonet yana tattarowa yana nufo gilas, ya zo ya tsaya. Matar Garaku tana kiran Yesu, ni ina salati, Baffa yana tofar da haƙori. Ta kai hannu ta murɗa mariƙin ƙofa, ƙofa ta buɗe lafiya lau, muka fito da ƙafafunmu. Mutum ɗaya a baya ya karye a hannu. Bayan wata biyu na haifi 'yata, wadda yanzu take aji biyar.

Aka jawo motar zuwa tashar Keffi washegari, gari ya taru. Gaskiya ba kyan gani. Daga bamba zuwa gilas duk ya dunƙule, injin ya sunkuya ƙasa. Mutane suna zagayawa suna riƙe baki. Kawu ya iso da gudu, hula a hannu, yana tambaya, "Malama fa? Cikin fa?" Aka ce lafiya. Ya ce, "An rasa wani?" Aka ce ba a rasa ba, amma mota kam ta tashi daga aiki. Ya ce, "To alhamdu lillahi."

Wannan godiyar ita ta tunzura Baba. Ya fizgo wani lanƙwasasshen falle daga gaban motar, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Jama'a ku shaida. Na kai mota wurin ɗan'uwa, na ce ya sa mini ƙarfe, ya maido mini da kwali. Kuma yana godiya!" 'Yan kamasho suka ɗauka. Kafin la'asar yayan matarsa, mutumin da ya girme shi da shekara goma, ya zama Mai Kwali a bakin yara.

Ba a rufa wata shida ba, ɗan maƙwabcinmu na unguwar Yara, mai tasi mai garkuwa, ya daki kwalbati a hanyar Nasarawa. Motar fitila ɗaya ta rasa. Shi kuma sitiyari ya same shi a ƙirji, kafin a kai shi asibiti ya cika, da shi da fasinjan da ke gefensa. Aka ce kwana ya ƙare. Aka wanke kujeru, cikin mako guda motar ta koma layi, mutane suna shafa ƙarfen dogon suna cewa, "Kai, wannan aiki ya yi." Mai waldan bakin tasha har layi aka riƙa yi masa.

Na yarda da ƙaddara, ba wanda zai koya mini. Amma ina so wani mai hankali a garin nan ya amsa mini: me ya sa in mota ta mutu laifin Kawu ne, in mutum ya mutu sai a ce kwana ne? Mutanen da suka sallaci yaron nan su ne suka juya suka yaba wa ƙarfen da ya kashe shi. Ko kunyar uwarsa ba su ji ba, tana jin su ta katanga.

Motoci suka daina zuwa rumfar Kawu. Mutumin da yake jin ciwon ƙarfe da kunne ya koma ƙera murhun gawayi da ƙofofin shago da akwatin amare. Shi da Baba ba su ƙara haɗa tabarma ba. Da Baba ya sake dawowa daga Makka aka yi walima, Kawu bai zo ba, ya aiko a ce kwali ba ya shiga taro. Inna ta shiga tsaka mai wuya, ta bayan layi take bi in za ta gaida yayanta, ta dawo ta yi kamar kasuwa ta je.

Ni ma ba zan wanke kaina ba, kuma fushin da nake yi da kaina ya fi na kowa. Ina cikin motar nan. Na ga inda ƙarfen ya tsaya. Amma an koya mana 'ya ba ta ƙaryata ubanta a gaban mutane, ni kuma na sami wurin fakewa na fake. Sau ɗaya na je na ce masa, "Kawu, me ya sa ba za ka yi musu bayani ba?" Ya ɗago tabaran walda ya dube ni. "Na yi musu kafin a yi hatsari, ba su ji ba. Na yi musu da motar kanta, ba su gani ba. Da me kuma zan yi?" Ya miƙo hannu ya karɓi jaririyata, ya ƙwanƙwasa goshinta a hankali da farce, ya karkata kunne. "Wannan kam lafiyayya ce," ya ce, ya miƙo mini ita ya koma kan murhun da yake ƙerawa.

Kwana shida na zaman makoki ina jin sunan nan yana shigowa ta zaure. Da safiyar sadakar bakwai, kafin mutane su taru, na tafi gidanmu na sami Baba a ɗakinsa yana sa babbar riga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ban taɓa cin albarkacin sunan ba sai ranar.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yau ne taro na ƙarshe. Daga yau kowa zai watse da sunan da ka sa wa Kawu. Magana ɗaya nake roƙo ka faɗa a gabansu."

"Wace magana, Uwata?"

"Cewa ba kwali ya sa maka ba."

Ya zauna a bakin gado, rigar tana rataye a kafaɗa ɗaya. Sannan ya ce, "Kwana biyu da kawo motar nan, na koma tasha da sassafe ni kaɗai. Na shiga na zauna a inda kika zauna. Na auna da hannuna." Ya buɗe tafinsa ya nuna mini. "Iyakar abin da ya rage ke nan tsakanin ƙarfen da inda cikinki yake. Gaba duk ya naɗe, amma daga nan ko motsi bai yi ba. Na ja ƙofar, ta buɗe, na rufe, ta rufe."

Na ce, "Wato tun a lokacin ka sani?"

"Na sani."

"Shekara goma sha ɗaya, Baba?"

"Na riga na faɗa a gaban tasha. Da wane baki zan koma in ce wa 'yan kamasho na yi kuskure? Kullum ina cewa sai an sami lokaci, in same shi mu biyu."

Ban san sa'ad da na miƙe tsaye a gaban mahaifina ba. Na ce, "A gaban tasha ka ɓata shi, ba ku biyu ba. Tashar tana ƙofar gidansa yau. In ba za ka faɗa ba, wallahi ni zan fito cikin maza in faɗa, kowa ya ce 'yar Alhaji ba ta da kunya."

Ya ƙarasa sa rigarsa ya fita.

Na tsaya a zauren Kawu, bayan ƙyaure, ina leƙe ta tsaga. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka fara raba waina, wasu har sun fara neman takalma. Na riga na kama bakin mayafina zan fita, sai Baba ya yi gyaran murya.

"Jama'a, a ɗan dakata. Sunan da ake kiran marigayi da shi, ni na sa masa, kuma zalunci na yi. Motata ta mutu ne don 'yata da jikata da ƙanena su rayu, haka ya shirya ta, kuma na san haka tun a makon. Duk wanda ya ƙara kiransa da sunan nan, ni ya zaga."

Wuri ya yi tsit. Tsohon ɗan kamashon nan ya sunkuyar da kai yana juya wainar da ke hannunsa. Wani ya ce, "Allahu akbar." Daga nan aka tashi, direbobi suka nufi motocinsu da ke jere a bakin hanya, kowacce da ƙarfen dogonta a gaba, suka tayar suka tafi.

Na koma ciki. Matar Kawu tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin mayafin takaba, ta ga fuskata ta ce, "Me aka yi a waje aka yi shiru haka?"

Na faɗa mata duk abin da Baba ya ce, ban rage ko kalma ba. Ta saurara har na gama, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Da ya tako kwana takwas da suka wuce, ai da kunnensa zai ji."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da rayukan da suka fito ta ƙofar nan. Mu da muka sani muka yi shiru, Allah ya yafe mana, in Kawu ya yafe.